Fatoman Bayan Teku

Sai ƙarfe biyun dare rezo ke sakin jiki a Garin Malam,
shi ya sa nake zaune kan tabarma da kwamfutar aro,
ina nema wa manhajata izinin shiga.
Wata bakwai ina ɗinkin ta
don 'yan ga-ruwa su san gidan da randa ta bushe,
mata su daina aiken yara bin sawun kura cikin rana.

Kakana Tanimun fatoma ne a Zango.
Baƙo zai sauke kaya daga Agadas,
kaka ya ce, "Nawa ne,"
shi ke nan, kasuwa ta buɗe masa har da bashi.
Yau ga ni a ƙofar wani fatoman.
Gidansa bayan teku, ba ya barci,
bai taɓa shan ruwan Damagaram ba,
amma in ya ce ya san ka, ƙofa ba ta gardama.

Ya ce sunan manhaja. Na faɗa.
Ya ce hoto mai kusurwa huɗu. Na zana jarka rawaya.
Ya ce adireshi da lambar gida.
Na rubuta: bayan babban dutse,
dab da injin niƙa, ƙofar da akuya ta ci gindinta.
Akwatin ya yi ja.

Ya turo lamba shida ta waya,
ya ce ranta minti goma ne.
Ta iso bayan an sallame asuba,
gawa.
Na nemi wata, kuran ya ɗauke.

Sai ya ce in rubuta alkawari
kan abin da zan yi da sirrin mutane.
Nan na daɗe.
Na san gidan da ke sayen jarka ɗaya rak su wuni,
na san wadda ke biya da goron biki,
da malamin lakwal da ke cewa sai ƙarshen wata
tun watan jiya.
Kaka bai taɓa rubuta irin wannan ba,
bakinsa kawai ya rufe, har aka rufe shi.
Ni na rubuta shafi biyu, da Faransanci.

Ran kwana tara ya amince.
Ya ba ni makulli biyu:
ɗaya na ratayawa a bainar jama'a,
ɗaya kuma, in ji shi, ko uwarki kada ta gani.
Inna tana tankaɗe a gefena.
Na juya mata baya, ina jin kunya.

Da hantsi na tare Ilu da kurarsa.
Shekara goma sha ɗaya yana kawo mana ruwa,
na san tarinsa tun daga kwana.
Ya goge hannu a wando,
ya danna shuɗin maɓalli da babban yatsa.
Waya ta yi tunani, ta yi tunani,
sannan fatoma ya ba da shaida:
wannan shi ne Alhaji Dala Ba Ƙarya,
ga hotonsa, farar mota gaban wani bene.

Ilu ya yi dariya har jarka ta zuba.
Ya ce, "Harira, kada ki gyara,
can ma ai mutum yana son a gaishe shi."

Na bar shi.
A littafina dai na rubuta: Ilu, jarka huɗu,
an biya.