Minti Huɗu da Daƙiƙa Tara

A bakin Mayo Kaliyaw, a rumfar Abbo mai gyara,
na ga ɗan akwati, bai fi na ashana ba,
da wutsiyar waya guda a bayansa.
Ya ce daga Duwala ya zo, jaka goma sha biyar,
ba ragi, ko don zaman tare na Marwa.

Ya ce, "Murya a kwamfutarka lissafi ce,
ɗaya da sifili, jere kamar ƙwayar gero.
Akwai mai juya su a ciki, amma ɗan haya ne,
an cusa shi tsakanin fanka da batir,
hayaniyar gidan duk a kunnensa take ƙarewa.
Wannan kuwa ɗakinsa daban,
aikinsa ɗaya, ba ya raba shi da kowa."

Ban gaya masa ba kiɗa zan ji ba.
Minti huɗu ne da daƙiƙa tara:
Baba a majema, shekarar da ya bar mu,
Dija ta ɗauka da wayarta mai fasasshen gilashi,
yana koya mata jiƙa fata a ruwan bagaruwa.

Na biya. Kuɗin tayar babur ɗina ne.
Na koma Domayo a kan tsohuwar, tana ta kwarkwasa,
ina riƙe da aljihu kamar mai ɗauke da ƙwai,
har ana gaishe ni ban amsawa.

Da dare, da aka kawo wuta,
na soka wayar, na sa abin kunne.
Ƙugin nan da ke biyo caja, zuuu,
kamar sauron da ya kwana cikin gidan sauro,
wanda ba na iya kora, don batirina ya daɗe da mutuwa,
na neme shi, na rasa.
Nan kam Abbo ya yi gaskiya, ba na musawa.

Sai Baba ya yi gyaran murya.
Na ce, "Dija, ji! Kamar yana tsakar gida."
Ta ce, "Wanda ya biya dole ya ji."
Ta aro kwamfutar Hamayero, sabuwa, marar ƙugi,
ta ce in juya baya, in fuskanci randa.
Sau goma tana sauya rami: "Da akwati ko babu?"
Na ci biyar, na faɗi biyar.
Ta ce ko ɗan caca ya fi ni sa'a,
tana dariya har da tafawa.

To, na yarda.
Abin da wayarta ba ta kama ba ran nan
babu akwatin da zai haƙo shi.
Inda iska ta bugi wayar, kalmar ta tafi:
"A bar ta ta kwana..." Nawa? Uku? Bakwai?
Na maimaita wurin har kiran assalatu.
Tulun da ba a cika ba, ko an sauya masa moɗa,
iya ruwan cikinsa yake bayarwa.

Amma a minti na uku,
daidai inda ƙugin ya saba zama,
can bayan muryarsa wani yana kankare fata,
kar, kar, kar, sai ya tsaya.
Wani yaro ya ce, "Baba, haka?"
Baba ya ce, "Sassauta hannu, ba gaba kuke ba."
Ni ne.
Shekara tara ina sauraron wannan murya,
ban san ina cikinta ba, da wuƙa a hannu, ina koyon jima,
sana'ar da na bari ba tare da sallama ba,
na hau babur ina ta zagayawa.

Da safe Abbo ya leƙo daga rumfa: "Yaya, ya gyaru?"
Na ce, "In kwamfutar mutum ba ta ƙugi,
ya riƙe kuɗinsa, ya sayi taya."
Ya miƙo hannu: "To kawo, in cire jaka biyu."
Na taɓa aljihu, na taka babur.
Tayar tana nan yadda take, sumul kamar tafin hannu,
a hankali nake bin kwanar kasuwa.