Ƙafar Yaya Tasi'u

Talata ce, bayan la'asar.
Adaidaita sahu ta kife a Ƙofar Ruwa da mutum huɗu.
Uku suka miƙe suna kakkaɓe riga,
Yaya Tasi'u bai miƙe ba.

A asibitin ƙashi na Dala aka ɗau hoto.
Likita ya ɗaga shi saitin fitila,
sai ga ƙwaurin yayana kamar raken da mota ta taka.
Ya ce sai an sa ƙarfe.
Ya rubuta kuɗin a bayan takarda,
na ƙirga sifilin, na goge ido, na sake ƙirgawa.
Keken ɗinkina, da janareta, da abin da ke asusu,
ko an haɗa da wayata, da saura.

Inna Tabawa ta ɗaure zane ta tsaya a zaure:
"Ba za a kwantar min da ɗa ba
inda ake shiga da ƙafa biyu a fito da sanda.
Kun manta Gambo mai kifi?"

Ban manta ba, Inna.
Na kuma tuna abin da unguwa ba ta faɗa:
kwana arba'in Gambo ya yi cikin kara da tsumma,
sai da yatsu suka yi baƙi,
sai da ƙuda ya fara sallama a ɗakinsa,
sannan aka sa shi a mota.
Wuƙar likita ta zo a ƙarshe,
ita ta kwashi zagin.

Amma wa zai ja da uwa
alhali aljihunsa ma yana bayanta?

Da asuba muka nufi Bachirawa,
gidan Malam Nadabo maɗori.
Babu kati, babu layi, babu mai gadi.
Tabarma ce, da ƙwaryar man shanu, da kararen da aka fere.
Ya tambayi sunan mahaifinmu, ya ce ya san shi a Kurmi.
Ya tambaya ko mun karya.
Kuɗin aiki? "Abin da ya sawwaƙa."
Kwana biyu ke nan
ba wanda ya dubi fuskar Yaya kafin ya dubi ƙafarsa.

Ya shafa ƙwaurin a hankali, kamar mai lalubar ashana cikin duhu.
Ya tsaya.
"Wancan baƙin abu da ka naɗe a hammata, miƙo."
Tsohon da bai taɓa zama a aji ba
ya ɗaga hoton saitin rana,
ya daɗe yana kallo, goro a kunci.

"Karaya na gada wurin kakana.
Wannan dagargajewa ce.
In na ɗaure, raina ba zai kwanta ba.
Ku koma Dala tun ƙafar tana da ɗumi."

Inna ta buɗe baki, ta rufe.
Ya yi tofi a gorar ruwa ya ba ta,
bai karɓi ko sisi ba.

Na sayar da keken ranar Alhamis a Fagge,
wanda ya saya har da ce min Allah ya sa albarka.
'Yan layinmu suka yi karo-karo,
wani dubu biyu, wani addu'a.

Yanzu wata bakwai.
Yaya na takawa zuwa masallaci, yana ɗan ɗingishi,
in hadari ya haɗo, ƙarfen ne ke fara sanar da shi.
Inna na ce wa baƙi ruwan Malam ne.
Likita na nuna sabon hoto, yana jinjina wa ƙarfensa.

Ni ina shagon wani, ina taka keken haya.
In an tambaye ni wa ya warkar da shi,
sai in ce Allah,
in lashi bakin zare,
in nemi kafar allura.