Robar Ƙarƙashi

Da hantsi Owusu ya shigo Magazin ta Suame,
bayan tasinsa na rangaji kamar ƙugun tsohuwar jaka.
"Ƙwanƙwasa take," ya ce, "duk ramin da na faɗa."

Maigida Mumuni ko durƙusawa bai yi ba.
Ya danna but da tafi, ya saki, ya kasa kunne.
"Roba ce. Gariba, kawo jak."

Na kwanta kan kwali, jar ƙasa a ƙeyata,
tsatsa na zubo mini kamar garin yaji.
Notin farko ya bi sufana.
Na biyu ya kafe,
sai da na shayar da shi baƙin mai, na gasa shi,
sannan ya yi tsaki ya saki.

Ga ta nan, ta bushe, ta tsage,
ko girman kofin shayi ba ta kai ba.
Ita ta ɗauki doyar Techiman,
da amare, da gawa ɗaya,
da yara bakwai a kujerar mutum uku.

Sabuwa ta shiga da sabulu da guduma.
"Kar ka ɗaure tana sama," in ji Maigida.
"Sauke ta.
Sai da nauyi a kanta take sanin mazauninta."

Owusu ya rage sidi biyar,
ya haye ramin ƙofa shiru.

Tsohuwar na aljihuna har Aboabo.
Inna ta dawo daga Kejetia, ta sauke tire,
ta miƙe ƙafa a tabarma.
Na daɗe ina kallon fason diddigenta.