Gwiwa, Ina Kike?

Shekara goma sha tara ina yawo a kan katakon rufi,
ƙusa a baki, guduma a ƙugu,
ban taɓa sunkuyawa na tambayi ƙafata inda take ba.
Ita ta san hanya. Ni idona na kan kwano.

Ba daga sama na faɗo ba, kar a ƙara wa zancen gishiri.
Matakin ƙarshe ne na tsani, a wani gini a Rijiyar Lemo.
Na dira, ƙafa ta kafe, jiki ya juya,
na ji ƙas, kamar an karya rake a cikin nama.

A Dala suka ce jijiyar tsakiyar gaɓa ce ta tsinke.
Suka yanko wata daga bayan cinyata,
suka huda ƙashi, suka zura, suka ɗaure.
Da na farfaɗo na ce wa likita, ashe sana'armu ɗaya.
Ya ce, na gama nawa, saura naka.

Talata da Alhamis, sashen gashi.
Malam Nafi'u ya zaunar da ni bakin gado, ya ce rufe ido.
Ya tallafi dugadugina, ya ɗaga, ya tsaya.
Riƙe wannan wurin a ranka.
Ya sauke. To, mayar da ita inda na kai ta.
Na mayar. Da za a ba ni rantsuwa zan yi, nan ne.
Na buɗe ido, ma'auninsa na roba ya ƙaryata ni
da digiri goma sha ɗaya.
Ni, Tasi'u,
da nake hango karkatar katako daga tsallaken titi.

Ya ce sabuwar jijiyar baƙuwa ce.
Tana da ƙwari, amma ba ta iya aike ba.
Tsohuwar ce ke raɗa wa kai dare da rana,
ga ni nan, na lanƙwashe, na miƙe, ƙasa ta goce.
Yanzu sai maƙwabtanta sun koyi ɗaukar saƙon.

Masu dubiya suna cewa Allah ya ƙara ƙarfin gwiwa.
Na ce amin. Ban ce musu ƙarfin yana dawowa ba,
sanin kai ne ya yi nisa.

A gida, a Kurna, na taka matashin kai da ƙafa ɗaya,
yatsa biyu a jikin ƙyaure.
Barira ce mai ƙirga,
tana tsallake bakwai da takwas don ta taimake ni.
Na ce sake daga fari.
Gwiwar tana rawa kamar tsanin da ba a riƙe ba.

A masallaci aka ba ni farar kujera a gefen sahu,
kusa da Baba Ilu mai shekara tamanin.
Goshina ya yi kewar tabarma.

Sagiru ya karɓi aikin Hotoro.
Yana kira daga sama, iska na kaɗa muryarsa,
Oga, gangaren nan ya isa?
Na ce ɗauko hoto.
Na duba, ya isa. Wannan ma ya yi mini ciwo.

Digiri tara. Bakwai. Wani mako ya koma takwas,
na fito ban yi wa kowa sallama ba,
na hau adaidaita har muka wuce kwanarmu.

Wata na biyar, daren Laraba, aka ɗauke wuta.
Ƙaramin ya yi kuka a ɗakin tsallake.
Na tashi, na ratsa tsakar gida,
na haye kwatar nan ta bakin rijiya,
da dakalin da na gina da tsayi fiye da kima,
na ɗauke shi, na jijjiga.

Sai da ya yi shiru na tuna
ban lalubi bango ba.

Na tsaya a duhun, yaro a kafaɗa,
na lanƙwasa ta kaɗan, na tambaye ta a hankali.
Ta amsa.
Ba da ƙarfi ba, kamar mai magana daga bayan ƙofa.

Gobe Alhamis. Ma'aunin roba zai faɗi nasa.