Ɗaya Bisa Ɗari Biyu

A ƙauyenmu, gabas da Auyo,
babban ruwan da muka sani shi ne kogi in ya fusata.
Kawu Mato kaɗai ya ga wanda ba shi da tsallake.
Shekara goma sha tara yana dafa wa sojan ruwa abinci,
ya dawo da fansho, da ciwon gwiwa,
da wata takarda mai ninki takwas
da aka zana jirginsu a kai.

Kwalin sukari yake saye wurin Ilu mai shayi.
Na sabulu ba ya so, wai ba shi da ƙashin baya.
Ƙaro daga gonarsa, a jiƙa a gwangwanin madara
ya kwana ya yi danƙo.
Rula ta katako, sabuwar reza, fensir a bayan kunne.

"Komai ki raba shi gida ɗari biyu.
Jirgin da ya ci ƙuruciyata
zai dawo kamu ɗaya.
Ni kuwa ga ni nan,"
sai ya ɗora ƙwayar shinkafa a kan farcensa.

Da hannunsa ya soma rawa, ni na karɓi rezar.
Shi ke faɗin lamba, ni ke yanka.
Haƙarƙari talatin da biyu muka tsayar
kafin mu yi masa fata.
Na kuskure na bakwai da kaurin gashi,
ya ce a sake. Na yi kuka. Aka sake.
Bakin igwa tsinken tsintsiya ne,
igiyoyi zaren da Inna Delu ta nema har ta haƙura,
fenti kuwa toka da alli da ɗigon bula,
sau huɗu muna haɗawa
kafin ya ce haka asuba take a can.

Tagar kicin ba ta cikin zanen.
Ya ce tana nan, hagu, ƙasa da kwalekwalen ceto,
ta nan yake zubar da ɓawon albasa, tsuntsaye su biyo.
Na huda da allura.
Ya daɗe yana leƙawa da ido ɗaya.

Maƙiyan jirgin nan ba su da tuta:
gara, kyankyaso mai son ƙaro,
akuyar Tanimu da ta cinye mana bene guda.
'Yan majalisar gindin tsamiya suka ce,
jirgin yaƙi mai tsoron yayyafi!
Kawu bai tanka ba. Ya ɗora shi a ragaya.

Sai daren da kogi ya karya jinga.
Ruwa ya shigo zaure ba sallama,
katanga ta durƙusa.
Kowa ya ɗauki abin da ransa ya fara kira:
Inna buhun gero, ni littattafaina, Tanimu akuyar nan.
Kawu ya sauko da masaki, ya shimfiɗa rigarsa a ciki,
ya kwantar da jirgin, ya rufe da faifai.

Ruwa iya ƙirji har tudun makaranta.
Yana tura masakin a gabansa,
yana cewa ƙasa-ƙasa, hagu kaɗan, riƙe haka,
da wata murya da ban san shi da ita ba.
A hasken tocila kachala tana wucewa,
da takalmin wani,
da kaza tsaye a kan murfin rumbu.

A aji uku muka kwana, mu arba'in.
Da safe ya ɗaga faifan.
Danshi ya saki ƙaron, goshin jirgin ya wage baki,
igwa ɗaya ta kwanta.
Takarda mai ninki takwas kuwa
tana ƙarƙashin katifa,
katifa tana ƙarƙashin ruwa.

Ya dube ni. "Hansai, lambobin fa?"
Na ce haƙarƙari na bakwai, santimita shida da ɗigo huɗu.
Wannan dai ba zan manta ba.

Ya yi dariya har tari ya kama shi.
Ya ce in je in duba
ko Ilu ya tsira da kwali.