Na Goma Sha Ɗaya

Goma sha ɗaya Wake-wake ta ƙyanƙyashe
a gindin rumbu, daren da ruwa ya kwana zuba.
Goma suka bazu a tsakar gida kamar an watsa auduga,
ɗaya ya tsaya bakin akurki
yana gyangyaɗi da rana tsaka,
fiffike na jan ƙasa
kamar yaro a cikin rigar babansa.

Ni magini ne, hannuna bulo ya sani,
siminti ya cinye min zanen tafi.
Da na ɗaga shi ban ji nauyin komai ba
sai bugun zuciya, ƙanana, da sauri da sauri.
Bayansa ya liƙe da farin kashi.
Na jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ina gogewa,
ina satar kallon ƙofa kada wani ya gan ni.

Sai ga Arzika ta kan katanga:
"Nomau, mi kaka yi da wanga abu?
Talata ta kusa, Mafara za ta cika,
ka sayo wani ka huta."
Ban tanka ba.
Bai san kazar ta Ige ce ba,
da kuɗin ƙuli-ƙuli ta sayo ta
wata biyu kafin mu raka ta makwanci.

Na ware shi daga 'yan'uwansa.
Na sa shi a ƙwaryar da take auna gero,
na shimfiɗa masa guntun zanenta,
kasko a gefe, toka ta lulluɓe garwashi.
Na sassaƙo maɗaci na jiƙa,
na dandaƙa gautan kaji yadda na ga tana yi,
sai dai ban san gwargwado ba.
Shekara talatin da ɗaya muna tare
ban taɓa tambaya ba.

Da safe na hau keke zuwa wurin malamin dabbobi,
ya ƙullo min garin magani ruwan ɗorawa:
"Kan cokali a ruwa, kwana biyar."
Da tsinken tsintsiya nake ɗiga masa.
Ɗigo, in jira ya haɗiye.
Ɗigo, ya ɗaga baki sama,
godiya yake yi ko ƙara yake kaiwa, oho.

Dare na uku kukan ya ɗauke.
Kwaɗi na ta hayaniya a fadamun Bakolori,
ƙwarya kuwa tsit.
Na haska fitila: ƙafa a miƙe, ido a rufe.
Na san irin wannan shirun,
na taɓa kwana a gefensa kan tabarmar asibiti.
Na jefa shi a aljihun gaban riga,
na jingina da bango,
ban yi barci ba, ban kuma roƙi komai da baki ba.

Da ladan ya gyara murya
sai na ji abu na sosa min ƙirji.
Kuka ɗaya ya yi, siriri kamar zaren ɗinki.
Ko takalmi ban nema ba,
na fasa suri a bayan gida na kwaso gara.
Ya kai sara ya kuskure,
ya sake, ya sami yatsana,
a na uku ya dace.

Ranar Talata na mayar da shi.
Uwar ta dube shi da ido guda,
ta sare shi sau ɗaya a ka,
sannan ta buɗe fiffike.

Yanzu in na watsa tsaba gudu yake yi,
bai san ni ba ko a hanya.
Ɗan tsako ke nan, samu ka ƙi dangi.
Arzika na yi min dariya:
wai zai yi cara, ko ƙwai zai saka?
Ban sani ba tukuna.
Shirwa na nan tana shawagi kan tsamiya,
muzuru bai yi ƙaura ba.

Ƙwaryar dai na wanke ta,
na kife a inda Ige ke kifewa.
Da magariba in tsaya bakin akurki da buta a hannu
in ƙirga su suna shiga,
in kai goma, in dakata,
sai ƙaramin ya iso.