Ondina Kafin a Saki Tuta

Biyar saura kwata a Sarandi, can ƙasar Uruguwai.
Raɓa ta daskare a kan wayar shinge,
numfashin dawaki sittin na tashi kamar hayaƙin murhu.
Kilomita casa'in na jiran mu cikin duhu,
ita kuwa Ondina, godiyata,
so take ta haɗiye su a loma ɗaya.

Tana tauna linzami, tana dakan ƙasa da kofato.
Gumi ya keto mata a wuya tun ba a je ko'ina ba.
Wani akawal ya yi haniniya daga dama,
na ji tsumar ta ratso sirdi ta shige min ƙashi.

Kakana Eusebiyo yana jingine da motar ɗaukar dawaki,
ƙoƙon shayin mate a tafinsa, bai ko ɗago kai ba.
Ya ce, "Nelida, kin matse gwiwa.
Godiya ba ta jin baki,
da haƙarƙarinta take sauraron ki.
Abin da kika ɓoye wa mutane, ita ta riga ta sani."

Sai na lura tun ɗazu ban sauke numfashi ba.

Na juya mata baya ga layin tashi.
Muka zaga bayan bishiyoyin turare,
inda ba lasifika, ba fitilar mota.
Na sassauta yatsu ɗaya bayan ɗaya,
na cusa hannu ƙarƙashin gezarta inda ɗumi yake,
ina ƙirga mata sunayen shanunmu a hankali,
har da gurguwar da ta mutu bara.
Kunne ɗaya ya waiwayo gare ni.
Ɗayan yana can wurin taro.

Aka saki tuta.
Ƙasa ta ɗauki rugugi kamar an kifar da duwatsu.
Ondina ta zabura, ta yi rabin tsalle,
na zauna mata da nauyina duka, ban ja ba,
na fitar da iska doguwa ta baki.
Ta tsaya tana rawar jiki.
Can ta sunkuya, ta fizgi ciyawa mai sanyi,
tana tauna, tana hararata ta gefen ido.

Wani yaro a kan shinge ya yi dariya,
"An tafi an bar ki, baiwar Allah!"
Na ce na gani.
Sauri kan haifi nawa,
kuma likitan dabbobi na nan a zangon farko
da abin sauraron zuciya rataye a wuya;
shi ba ya tambayar wa ya riga wa.

Muka fita na ƙarshe, da tafiyar ƙafa,
sannan sassarfa, da ta nemi izini da kunne.
Gari ya fara wayewa ta kan gonar su Barreto.
Kakana ya sake zuba ruwan zafi a ƙoƙonsa.
A laka, gabanmu, sawun dawaki hamsin da tara,
Ondina tana shinshina su, tana wucewa.